I'ina, ƙifce-ƙifcen ido da cin farce: Mafarinsu da yadda ake shawo kansu

I'ina ita ce sarƙewar magana a bakin mutumin da ya san sarai abin da yake son faɗa. Takan zo ta fuska uku: maimaita gaɓar kalma, jan sauti ya yi tsawo, ko toshewar murya gaba ɗaya, baki a buɗe amma kalmar ta ƙi fita. Galibi tana somawa tsakanin shekara 2 zuwa 5. Kusan yara biyar cikin ɗari sukan yi ta na wani lokaci, kuma uku cikin huɗu daga cikinsu takan sake su tun suna ƙanana. Waɗanda ta bi su har girma sun kai mutum ɗaya cikin ɗari, maza sun ninka mata kusan sau huɗu.

Ba tsoro ne ke haifar da ita ba, ba kuma sangarta ba. Tana da alaƙa da yadda ƙwaƙwalwa ke tsara motsin harshe, leɓe da numfashi, kuma ana gadonta. A 2010 masu bincike a Amurka sun gano ƙwayoyin halittar gado da ke da hannu a cikinta a wasu iyalai na Pakistan, daga baya aka samu irin wannan shaida a wani babban gida a Kamaru. Abin da tsoro ke yi shi ne ƙara mata ƙarfi.

Wanda ya zauna a makarantar allo, ko a ƙauye kamar Mandera da ke yankin Bodinga da Shagari ko a cikin birnin Sakkwato, zai iya tuna irin wannan yaro: yana biya karatu tare da 'yan uwansa da murya garau, amma da malam ya kira sunansa ya tambaye shi wani abu, sai harshe ya ɗaure. A nan ake yi masa zalunci, a ce da gangan yake yi. Alhali sananniyar ɗabi'ar i'ina ke nan. Takan lafa a lokacin rera waƙa, karatu mai kari, ko haɗa baki da wasu, sannan ta dawo idan mutum zai ƙirƙiro zancensa shi kaɗai. Bulala ba ta kwance harshe. Tana koya wa yaro yin shiru ne kawai.

A gida, abin da ya fi amfani shi ne iyaye su rage saurin maganarsu, su bar yaro ya kai ƙarshen zancensa, kada a ƙarasa masa kalma, kada a bari ƙanne da yayye su riƙa kwaikwayonsa. Ko cewa "yi a hankali" kan ƙara masa damuwa.

Babba kuwa, asararsa ta fi fitowa fili. Ɗan kasuwa yakan sallama kaya a kan farashin da bai so ba don gudun doguwar tayayya, ma'aikaci ya ƙi ɗaga waya ko ya kauce wa ganawar ƙarin girma. Masu horar da magana suna koyar da soma kalma da taushi, sassauta leɓe, da fita daga toshewa ba tare da kokawa ba. Babu ƙwayar da ke warkar da i'ina, amma horo na rage ta ƙwarai. Sarkin Ingila George na Shida ya soma irin wannan horo a hannun Lionel Logue a 1926, shekara goma kafin ya hau gadon sarauta, ya kuma yi wa al'ummarsa jawabai ta rediyo a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Tsohon shugaban Amurka Joe Biden ma da ita ya tashi.

Yawan ƙifta ido, ɗaga kafaɗa ko gyaran murya ba dalili wani lamari ne daban. Yaro yakan ji wani abu na tunzura shi har sai ya yi motsin, kuma yawanci yana raguwa bayan balaga. Tsawa na ƙara shi. Idan motsi da sauti suka haɗu suka wuce shekara guda, likitoci na kiransa ciwon Tourette.

Cin farce, wato akaifa a bakin Sakkwatawa, shi ya fi sauƙin bari, ko da yake yana kai ƙwan tsutsar ciki baki, yana kuma jawo ƙurji a gefen yatsa. Hanyar da Nathan Azrin da Gregory Nunn suka bayyana a 1973 tana aiki gare shi da kuma ƙifce-ƙifcen: mutum ya lura da lokacin da sha'awar ke taso masa, sai ya yi wani motsi da zai hana ta, kamar dunƙule hannu na minti ɗaya. A riƙa kuma yanke farcen da wuri.

A nemi likita idan i'inar yaro ta wuce wata shida, ko ya fara gudun magana. Daga Bodinga da Shagari, ana iya farawa da sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, domin a duba jinsa a kuma nuna inda za a samu mai horar da magana. Amma babban mutum da magana ta sarƙe masa farat ɗaya, musamman idan baki ya karkace ko hannu ya yi sanyi, a kai shi asibiti nan take, domin hakan na daga alamomin shanyewar ɓarin jiki.