Valsetz: Garin Da Ya Mutu Tare Da Injin Katakonsa

Idan mai karatu ya samu taswirar jihar Oregon ta ƙasar Amurka wadda aka buga kafin shekarar 1984, ya duba yammacin gundumar Polk, can cikin duwatsun da suka raba kwarin Willamette da Tekun Fasifik, zai ga wani ɗan ɗigo da aka rubuta wa suna Valsetz. Gari ne sosai, mai makaranta da gidan waya da kanti da tafki. A yau kuwa duk wanda ya je wurin babu abin da zai tarar sai itatuwa. Masana'antar katako guda ɗaya aka rufe, garin ya bi ta. Na zaɓi in kawo tarihinsa ne domin a cikinsa ake ganin abin da ke faruwa idan abincin mutane da makwancinsu duk suna hannun mai gida ɗaya.

Asalin garin

An kafa Valsetz a shekarar 1919. Masu shi su ne kamfanin Cobbs & Mitchell, 'yan kasuwar katako daga garin Cadillac na jihar Michigan, waɗanda suka karkato akalarsu zuwa yamma a lokacin da dazuzzukan gida suka fara ƙarewa. Abin da ya jawo su shi ne manyan itatuwan da ake kira Douglas fir, waɗanda suka shekara ɗaruruwa ba a taɓa sa musu gatari ba. Yankin yana da ruwan sama na fitar hankali, domin kuwa a shekara yakan haura inci 120, wato sama da mita 3, kuma irin wannan damshi shi ne ke sa itacen ya yi tsawo da kauri.

Sunan garin kansa daga layin dogo aka samo shi. Jirgin ƙasan da ke kwaso katakon zuwa garin Independence sunansa Valley and Siletz, sai aka gutsuro sassan sunayen biyu aka haɗa. A shekarar 1920 aka buɗe gidan waya. An kuma datse reshen kudu na kogin Siletz aka yi tafki, inda ake zuba gumagumai su jira zarto, saboda gungumen da ke cikin ruwa ba ya tsagewa, kuma ya fi sauƙin turawa. A 1947 kamfanin ya sayar da garin ga Herbert Templeton, wanda a da shi ne dillalin katakonsu. A 1959 kuma babban kamfanin Boise Cascade ya saye masana'antar da dajin. Mai karatu ya lura da kalmar da na yi amfani da ita: sayar da gari. Sau biyu aka yi cinikin Valsetz da mutanensa a ciki.

Yadda kuɗi ke zagayawa

A lokacin da garin ke ganiyarsa, mazaunansa sun haura 1,000. Aiki bai yanke ba, haya tana da sauƙi, yara suna da makaranta tun daga firamare har sakandare. Har jarida garin ya taɓa yi, Valsetz Star, wadda wata yarinya 'yar shekara 9 mai suna Dorothy Anne Hobson ta fara fitarwa a 1937, ta kuma yi suna a faɗin Amurka.

To amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Gidan da lebura yake kwana na kamfani ne. Kantin da matarsa ke cefane na kamfani ne. Titin da ɗansa ke bi zuwa makaranta, da ƙasar da aka shimfiɗa titin a kai, duk na kamfani ne. Saboda haka albashin da ya fito daga ofishin biya, wani kaso nasa yakan koma inda ya fito ta hanyar haya da cefane, saura kuma a kashe shi a garuruwan kwari. A garin da mutane suka mallaki filayensu, shekara 30 na aiki takan bar wa mutum gida, ko shago, ko fegi da zai sayar ranar da ta ɓaci. A Valsetz kuwa ko mutum ya shekara 30 yana jan zarto, babu inda zai sayi ko taku ɗaya na ƙasa. Haka nan babu ɗan kasuwar da zai zo ya kafa wata sana'a ta daban, tunda filin ba na sayarwa ba ne, kuma hanyar da ta haɗa garin da Falls City doguwar hanyar burji ce mai lanƙwashe-lanƙwashe. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da ya kawo rufewar

Dalili na farko shi ne dajin kansa. Zuwa shekarun 1970 tsofaffin itatuwan nan sun ƙare, aka kuma cire layin dogon da ya ba garin suna. Itacen da aka shuka a madadinsu sai ya shekara 40 zuwa 60 kafin ya isa sara, kuma ko ya isa bai kai kaurin na da ba. A shekarunta na ƙarshe masana'antar ta fi mai da hankali ga fere gungume zuwa fale-falen da ake yin filawud da su, aikin da ya fi riba idan gungumen babba ne. Ƙaramin gungume kuwa mota za ta ɗauke shi ta kai wa injinan zamani da ke kwari, ba sai an riƙe gari guda a tsakiyar daji ba.

Dalili na biyu daga nesa ya zo. Domin yaƙi da tsadar kaya, babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa, har ya zama a 1981 mai neman bashin sayen gida sai ya biya sama da kashi 18 cikin 100. Gine-gine suka tsaya. Sababbin gidajen da ake fara ginawa a ƙasar, waɗanda suka kai kimanin miliyan 2 a 1978, sun faɗo zuwa miliyan 1 da 'yan kai a 1982. Tunda da katako Amurkawa ke gina gida, Oregon ta ji jiki ƙwarai, rashin aikin yi a jihar ya kai wajen kashi 12 cikin 100 a wannan shekarar. Akwai masu ɗora laifin mutuwar garuruwan katako a kan dokar kare wata mujiya mai ɗige-ɗige, wadda ta rage sare itace a dazuzzukan gwamnati. Wannan bai shafi Valsetz ba, domin sai a 1990 aka sa mujiyar cikin jerin tsuntsayen da ke fuskantar barazana, shekara 6 bayan garin ya tafi.

Shekarar 1984

A 1983 Boise Cascade ya sanar cewa zai dakatar da komai a farkon shekara mai zuwa. A lokacin mutanen garin ba su wuce 300 ba. A wani garin, idan masana'anta ta rufe, talauci yakan shigo a hankali: shaguna su rage, darajar gidaje ta faɗi, matasa su tafi, tsofaffi su zauna. A nan kuwa takardar sallama daga aiki ita ce takardar tashi daga gida. Makaranta ta yaye ɗalibanta na ƙarshe, malamai suka rasa aiki tare da leburori, gidan waya ya rufe. Iyalai suka watsu zuwa garuruwan da ke kewaye, suna neman aiki a lokacin da dubban ma'aikatan katako irinsu ke nema, suna kuma biyan hayar kasuwa maimakon ta kamfani. Daga nan aka kawo katafila aka rushe gine-ginen, aka cinna wa tarkacen wuta, aka mai da wurin gonar itatuwa. A 1988 aka zurare ruwan tafkin. Tsofaffin mazauna garin sun ci gaba da yin taron zumunci a Falls City, tunda babu garin da za a koma.

Wani gari, wata makoma

Domin a yi adalci, ba kowane garin kamfani ne ya ƙare haka ba. A jihar Washinton da ke maƙwabtaka da Oregon akwai Port Gamble, inda kamfanin Pope & Talbot ya kafa injin katako a 1853, ya yi ta aiki har 1995, shekara 142 ke nan. Shi ma garin mallakar kamfani ne. Amma yana bakin ruwa, kusa da birnin Seattle, kuma tun 1966 gwamnati ta sa shi cikin wuraren tarihi. Da injin ya tsaya sai aka bar gidajen, aka ba da su haya, masu yawon buɗe ido suka riƙa zuwa. Aikin zarto ya tafi, garin ya tsira. Sai dai a nan ma ba mazauna ne suka yanke hukuncin ba. Lissafi ne ya nuna cewa ginin Port Gamble ya fi daraja a tsaye, ƙasar Valsetz kuma ta fi daraja da itace a kanta.

A nawa ganin, idan ana auna amfanin masana'anta ga ƙaramin gari, bai kamata a tsaya ga yawan waɗanda ta ɗauka aiki ba. A tambaya wa ke da filin, wa ke da gidajen, kuma wace sana'a ce za ta rage idan injin ya yi shiru. Mutanen Valsetz sun shekara 65 suna fitar da katakon da ya gina gidajen wasu a faɗin Amurka, amma ranar da aka ce su tashi, abin da suka mallaka bai wuce wanda ya shiga bayan mota ba.