Lambar yabo ta Rubens: Karramawar birnin Siegen ga masu zane

Lambar yabo ta Rubens karramawa ce da birnin Siegen na yammacin Jamus ke yi wa mai zane guda ɗaya duk bayan shekara biyar.

An kafa ta ne a 1955, aka raɗa mata sunan Peter Paul Rubens, shahararren mai zanen nan da aka haifa a birnin a 1577.

Ana bayar da ita ga mai zanen da ke zaune a Turai, bisa la'akari da ayyukan da ya yi tsawon rayuwarsa. Ban da kuɗi, akan baje kolin zane-zanensa a birnin.

Wanda ya fara samu

Hans Hartung ne ya fara samun lambar a 1957. Ya shahara da salon zanen da ba ya kwaikwayon siffar mutum ko dabba ko wuri, sai dai zirin layuka baƙaƙe da yake ja a kan launi.

An haife shi a birnin Leipzig a 1904. Ya bar Jamus zuwa Faransa a 1935, lokacin da gwamnatin 'yan Nazi ke kiran irin wannan salo gurɓataccen zane, tana kuma tsangwamar masu yin sa.

A yaƙin duniya na biyu ya shiga rundunar baƙin sojoji ta Faransa. An yanke masa ƙafa bayan raunin da ya ji kusa da Belfort a 1944, daga bisani kuma ya zama ɗan ƙasar Faransa.

Ke nan, shekara 12 kacal bayan ƙarewar yaƙin, wani birnin Jamus ya karrama mutumin da ya yi aikin soja a ɓangaren da ya yaƙi sojojin Hitler, saboda salon da a da aka ƙyamata. Hartung ya rasu a Antibes a 1989.

Waɗanda suka biyo baya

Cikin masu irin wannan salo da suka samu lambar akwai Antoni Tàpies ɗan Sifaniya a 1972, da Emil Schumacher na Jamus a 1982, da Bridget Riley 'yar Birtaniya a 2012.

Sai dai ba su kaɗai ake bai wa ba. Francis Bacon da Lucian Freud, masu zana siffar mutane, sun karɓa a 1967 da 1997. Maria Lassnig 'yar Ostiriya ce mace ta farko da ta samu, a 2002.

Ana ajiye da ayyukan waɗanda aka karrama a gidan adana zane-zanen zamani na Siegen, wanda aka buɗe a 2001.