Peugeot 504 Coupé: Fijo mai ƙofa biyu da ba a taɓa haɗawa a Kaduna ba

Peugeot 504 Coupé mota ce mai ƙofa biyu da kamfanin Peugeot na Faransa ya ƙera daga 1969 zuwa 1983, domin masu hannu da shuni da ke son gudu da ƙawa. Sunanta ɗaya da Fijon da mutanen Gaya da Ajingi suka sani, wadda ta shekara da shekaru tana jigilar fasinja da buhunan hatsi ta Wudil zuwa Kano. Sai dai a gangar jiki ba su yi kama ba.

An fara nuna ta a baje kolin motoci na Janeba a watan Maris na 1969, kimanin watanni shida bayan fitowar 504 mai ƙofa huɗu. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana ta, shi ne kuma ya riƙa ƙera jikinta. An gajarta tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya, aka sauko da rufinta ƙasa. A 1974 aka ɗora mata inji mai silinda shida, lita 2.7, wanda Peugeot da Renault da Volvo suka yi taron dangi suka samar.

A Afirka, fagen tsere ne ya fito da ita. A 1978 direba Bafaranshe Jean-Pierre Nicolas ya lashe tseren Safari na Kenya da ita, ya kuma lashe na Bandama a Kodebuwa cikin shekarar. Tun a 1975 Ove Andersson ya ci Safari da mai ƙofa huɗu. Nasarorin sun tabbatar wa Turawa abin da direbobin hanyar burji suka riga suka sani: 504 tana jure gargada.

Nijeriya ta samu nata kaso ta wata fuskar. Masana'antar Peugeot ta Kaduna, wato PAN, ta fara aiki a 1975, tana haɗa mai ƙofa huɗu da doguwar da ake haya da ita, daga baya da a-kori-kura. Mai ƙofa biyu ba ta shiga sahu ba. Babban mai ciniki gwamnati ce. Bayan kisan Janar Murtala Muhammad a Fabrairun 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta mayar da Fijo motar manyan jami'ai, da sunan rage facaka. Motar babban sakatare da ta direban tasha suka zama iri ɗaya, bakanike ɗaya ke iya gyara su duka.

Wannan tsari bai ɗore ba. Faɗuwar darajar naira daga 1986, da kwararowar motoci 'yan Kwatano, da komawar jami'ai ga motocin waje, sun durƙusar da masana'antar. An daina haɗa 504 a tsakiyar shekarun 2000, gwamnati ta sayar da hannun jarinta a 2006, hukumar AMCON ta karɓe kamfanin a 2012 saboda bashi. A 2023 kuwa 'yan Majalisar Tarayya motocin alfarma na ƙetare suka sayo wa kansu, duk da umarnin shugaban ƙasa na 2017 da ya nemi hukumomi su fifita kayan gida.

A Turai yanzu masu tara tsofaffin motoci ne ke farautar mai ƙofa biyun. Ragowar Fijon da ke yankin Gaya kuwa, da kayan gyaran kasuwar Ƙofar Ruwa ake lallaɓa su.