Shaɗaranji da wasannin yaƙi na kwamfuta: Abin da ya haɗa su da abin da ya raba su

A bazarar 2025, gasar duniya ta wasannin kwamfuta da aka gudanar a birnin Riyad na Saudiyya ta haɗa wasanni biyu da ke da tazarar fiye da shekara 1,000 a tsakaninsu. Na farko shi ne shaɗaranji, wanda wasu ke kira darar Turawa, inda Magnus Carlsen ɗan ƙasar Norway ya lashe kambun. Na biyu shi ne StarCraft II, ɗaya daga cikin wasannin da ake jagorantar runduna a kwamfuta ba tare da jiran abokin karawa ba. Dukansu kwaikwayon yaƙi ne, sai dai kowanne da irin basirar da yake gwadawa.

Asalin kowannensu

Masana tarihi suna danganta shaɗaranji da wani wasa mai suna caturanga da aka yi a Indiya wajen ƙarni na 6. Sunan na nufin rukunan soja huɗu: dakarun ƙasa, mahaya dawaki, giwaye da kekunan yaƙi. Daga Indiya ya shiga Farisa, Larabawa suka ɗauke shi har Andalus, sannan a ƙarshen ƙarni na 15 Turawa suka sauya wasu ƙa'idojinsa ya koma yadda aka san shi a yau. An kafa hukumarsa ta duniya, FIDE, a birnin Paris a 1924.

Wasannin yaƙi na kwamfuta kuwa 'yan bana-bakwai ne. Dune II, wanda kamfanin Westwood ya fitar a 1992, shi ne ya shimfiɗa tsarin da saura suka bi: a tara dukiya, a gina sansani, a horar da mayaƙa, a rushe na abokin gaba. Age of Empires ya biyo baya a 1997, sai StarCraft na kamfanin Blizzard a 1998. Wannan na ƙarshe ya samu karɓuwa a Koriya ta Kudu har ya zama sana'a, ana nuna gasarsa a talabijin.

Bayyane da ɓoye

Allon shaɗaranji gida 64 ne, kowane ɓangare da 'ya'ya 16, kuma babu abin da ke ɓoye. Duk abin da ɗan wasa yake gani, abokin karawarsa ma yana gani. Wanda aka ci ba zai ce an yi masa kwanton ɓauna ba, lissafinsa ne ya gaza.

A StarCraft da ire-irensa, mafi yawan filin a rufe yake da abin da ake kira hazon yaƙi. Ɗan wasa ba ya ganin komai sai inda mayaƙansa ko gine-ginensa suke. Dole ya tura 'yan leƙen asiri, ya ga ɗan abin da ya gani, ya yi hasashen sauran. Abokin gaba na iya ɓoye gini a lungu, ko ya nuna ƙaramar runduna a gabas alhali babbar tana tafe ta yamma.

Lokaci da dukiya

A shaɗaranji bi da bi ake yi. Ko da agogo na tafiya, babu ɗan da zai motsa yayin da mutum ke tunani. A wasan kwamfuta kuwa kowa na motsi a lokaci guda. Ƙwararru kan ba da umarni sama da 300 a cikin minti ɗaya, kuma wanda ya tsaya dogon nazari zai ɗago kai ya tarar an cinye masa gari. Shawara mai dama-dama da aka yanke da wuri takan fi cikakkiya da ta zo a makare.

Akwai kuma batun tattalin arziki. Rundunar shaɗaranji a shirye take tun farko, raguwa kawai take yi. A StarCraft da 'yan ma'aikata ake farawa, kuma duk abin da aka kashe wajen makamai an rage shi ne daga abin da zai haɓaka arziki. Mai yawan tara dukiya na iya faɗuwa a harin farko, mai gaggawar yaƙi kuma ya talauce kafin a yi nisa.

Abin da na'ura ta nuna

A watan Mayun 1997, kwamfutar Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke zakaran duniya Garry Kasparov a birnin New York da maki 3½ da 2½. An ɗauki kusan shekara 22 kafin a ga makamancin haka a StarCraft. A watan Disambar 2018 manhajar AlphaStar ta kamfanin DeepMind ta doke ƙwararren ɗan wasan Poland da ake kira MaNa da ci 5 da nema, amma shi ma ya rama a wani wasa guda da aka nuna kai tsaye bayan an taƙaita mata ganin fili. A watan Oktoban 2019 kamfanin ya sanar cewa ta zarce kashi 99.8 cikin 100 na 'yan wasan da ke kan jadawali.

Dalilin jinkirin a fili yake. A shaɗaranji, zaɓin da ke gaban ɗan wasa a kowane motsi kusan 35 ne a matsakaici, don haka na'ura mai saurin lissafi na iya hango nesa. A StarCraft zaɓin ya fi ƙarfin ƙidaya, ga rashin cikakken bayani, ga sakamakon shawara da ba ya bayyana sai bayan mintuna masu yawa.

Me ya sa bambancin ke da muhimmanci?

Masu sharhi sun saba kwatanta siyasa da diflomasiyya da shaɗaranji, musamman tun karawar Bobby Fischer na Amurka da Boris Spassky na Tarayyar Sobiyet a 1972, lokacin yaƙin cacar baka. Kwatancen na sa a ɗauka cewa shugaba yana ganin allo gaba ɗaya, kuma abokin hamayya zai jira shi. A zahiri gwamnati na yanke shawara ne da guntun bayani, da kuɗi ƙayyadaddu, matsaloli da dama kuma na tasowa a lokaci guda, wanda ya fi kama da wasan kwamfuta.

Sai dai duka wasannin biyu sun yi tarayya a gibi ɗaya. Mayaƙansu ba sa ƙin bin umarni, ba sa neman albashi, kuma babu farar hula da za su tambayi dalilin yaƙin ko su kaɗa ƙuri'a bayan an gama shi.