MAKYARKYATAR ZUCIYA: ABIN DA MAJINYATA SUKA KOYA WA LIKITOCI

Ni malamin harshe ne, don haka zan taɓo tarihin wannan ciwo ne kurum, in bar wa likitoci fagensu.

Zuciyar ɗan'adam ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. Ga mai lafiya, ɗakunan sama su kan matse su tura jini ƙasa a kan tsari, sau 60 zuwa 100 a minti guda. A ciwon da Turawa ke kira atiriyal fibrileshan, wanda zan kira makyarkyatar zuciya, ɗakunan sama su kan daina matsewa, sai karkarwa kawai, bugun jijiya kuma ya rikice. Babban haɗarinsa shi ne jini ya kwanta ya daskare, gudansa ya tafi ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Binciken garin Framingham na Amurka ya nuna a 1991 cewa mai wannan ciwo ya fi waninsa shiga haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan ninki biyar.

An daɗe ana jin ciwon da yatsa kafin a gane asalinsa. A 1906 Willem Einthoven na ƙasar Holan ya buga zanen rikitaccen bugun da na'urarsa ta auna lantarkin zuciya ta ɗauka. A 1909 Thomas Lewis a Landan, da Rothberger da Winterberg a Biyana, suka tabbatar cewa karkarwar ɗakunan sama ce ke kawo shi. An san ciwo ke nan, amma ba a san abin da zai tsai da shi ba.

A nan ne majinyaci ya shigo cikin tarihi. A 1914 likita Karel Wenckebach ya ba da labarin wani ɗan kasuwa da ya zo wurinsa da wannan ciwo. Da likitan ya nuna ba shi da dabarar tsai da shi, sai ɗan kasuwar ya ce shi kam yana da ita. Kashegari ya komo, zuciyarsa na bugawa daidai. Ashe kwinin ya sha, maganin zazzaɓin cizon sauro, don ya lura yana kwantar masa da ita. A 1918 Walter Frey ya gano cewa kwinidin, ɗan'uwan kwinin, ya fi ƙarfi, aka kuwa shekara da shekaru ana amfani da shi. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo.

Tambayar da majinyata suka fi yi wa junansu ita ce, me ke ta da ciwon? Wani ya ce gajiya, wani rashin barci, wani cikar ciki da dare, wani ɓacin rai, wani kuma kofi. Likitoci sun bi sawun wasu daga ciki. A 1978 Philip Ettinger da abokan aikinsa a Amurka suka lura da majinyata 24 da zuciyarsu ke rikicewa bayan sun kwankwaɗi giya, galibi a ƙarshen mako ko lokacin bukukuwa. A 1998 Michel Haïssaguerre a birnin Bodo na Faransa ya gano cewa tartsatsin lantarkin da ke fara ta da ciwon yawanci daga bakin jijiyoyin da ke kawo jini daga huhu ya ke fitowa. Daga nan aka sami aikin da a ke yi yau na zura siririyar waya a killace wurin.

Su ma majinyatan ba su zauna ba. A 2007 wata Ba'amurkiya, Mellanie True Hills, wadda ta sha fama da ciwon, ta kafa ƙungiyar StopAfib don masu shi su ilimantar da juna. Amfanin irin wannan haɗuwa a fili ya ke. Wanda zuciyarsa ta rikice da tsakar dare, tsoro ya kama shi, ba abin da ke kwantar masa da hankali kamar ya ji daga bakin wanda ya shekara goma da ciwon yana harkokinsa.

To, amma shin duk abin da majinyaci ya zarga gaskiya ne? An gwada. A 2021 Gregory Marcus na Jami'ar Kalifoniya ya fitar da sakamakon wani bincike na mutum 446, wanda majinyata suka sa hannu wajen tsara shi. A wani rukuni daga cikinsu, kowa ya zaɓi abin da ya ke zargi, yana ɗauka yana bari bi da bi, ana auna zuciyarsa. Abin da aka fi zaɓa shi ne kafin, wato sinadarin da ke cikin kofi da shayi da goro, amma ba a same shi da laifi ba. Giya kaɗai ce ta tabbata. Shekara guda kafin nan, wani gwaji na mutum 140 a Ostareliya ya nuna cewa ciwon ya fi jinkirin komowa ga waɗanda suka bar sha.

Akwai wani hanzari da ya shafe mu. A ƙasashenmu, bayan hawan jini, ciwon ya kan biyo bayan lalacewar ƙyamaren zuciya, wadda asalinta ciwon maƙogwaro ne da ba a yi wa magani ba tun yarinta. A 2022 wani gwaji na majinyata fiye da 4,500 a Afirka da Asiya da Kudancin Amurka ya nuna cewa ga masu irin wannan lalacewa, tsohon maganin hana daskarewar jini, wato wafarin, ya fi sabon magani ribarosaban ceton rai. Ke nan abin da ya karɓi majinyacin Landan yana iya cutar da na Kano.

Shugaba, abin da tarihin nan ya nuna shi ne, lurar majinyaci tana da daraja, amma sai an auna ta. Ɗan kasuwar Wenckebach ya yi daidai, masu zargin kofi kuwa galibinsu sun yi kuskure, kuma dukkansu da gaskiya suka faɗi abin da suka ji. Saboda haka masu wannan ciwo su riƙa haɗuwa, su ƙarfafa wa juna zuciya, kowa ya rubuta ranar da ciwon ya taso masa da abin da ya gabace shi, ya kai wa likita. Amma kada wani ya ba ɗan'uwansa maganinsa, kada kuma wani ya bar maganin hana daskarewar jini don ya ji sauƙi, domin ciwon ya kan zo ya tafi ba tare da mai shi ya sani ba, haɗarin shanyewar jiki kuwa yana nan. Wanda ya ji bugun jijiyarsa ba ya tafiya a kan tsari, ya je asibiti a auna shi.