Tarihin hanyarmu ta zuwa bakin teku



Ƙasarmu Nijar ba ta da bakin teku. Amma shinkafa, sukari, magani da ƙarfen gini, da yawansu ta teku suke zuwa. To, ta ina suke biyowa kafin su iso kasuwar Maraɗi ko ta Tawa? Ga labarin.

Hanya ta farko ita ce ta Ikko. A shekarar 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano. Daga nan gujiyar Damagaram da ta Maraɗi ta sami mafita. Raƙuma da jakkai ke kai ta Kano, daga baya motoci suka karɓa. Jirgin ƙasa ya ɗauka, ya nufi kudu. A Jabba kuwa kogi ya tare hanya. Sai a ɗora taragun bisa wani babban jirgin ruwa, ya ƙetarar da su. Bayan ƴan shekaru aka gama gada.

Wannan hanya tana cikin ƙasar da Ingilishi ke mulki. Faransawa, masu mulkinmu a lokacin, ba su so ribar sufuri ta tafi hannun wasu. Suna da nasu jirgin ƙasa a Dahome, wadda yau ake kira Benin. Ya taso daga Kotonu, ya iso Paraku a 1936. Tsawon hanyar kilomita 438. Can ya tsaya, bai ƙaraso Nijar ba.

Ku duba wahalar buhu guda na gujiya a wancan zamani. Mota ta ɗauko shi ta bi ta Doso zuwa Gaya. A Gaya babu gada, sai jirgin fito, wanda ake ce ma bak. Motoci su yi layi, kowace ta jira nata lokaci. In an ƙetare zuwa Malanbil, saura tafiyar kilomita fiye da 300 kafin Paraku. Can a sauke, a loda cikin jirgin ƙasa. A Kotonu ma manyan jiragen ruwa ba su iya matsowa gaɓa. Nesa suke tsayawa, ƙananan jirage na kai musu kaya. Kowane lodi da saukewa kuɗi ne. Wa ke biya? Manomi, da mai saye a kanti.

Cikin shekarun 1950 aka tsara wata dabara. Motar da ta kai gujiya Paraku kada ta komo wayam, ta ɗauko kayan kanti. A 1958 aka gama gadar Gaya da Malanbil. A 1959 Nijar da Dahome suka kafa hukuma guda mai kula da jirgin ƙasa da sufuri, sunanta OCDN, daga baya ta koma OCBN. A 1965 aka buɗe sabuwar tashar Kotonu, inda babban jirgi ke tsayawa daf da gaɓa.

Daga baya manyan motoci suka ƙwace yawancin kayan jirgin ƙasa. Daga Yamai zuwa Kotonu kilomita 1000 ne da ƴan kai. Daga 2014 zuwa 2016 an shimfiɗa layin dogo daga Yamai zuwa Doso, amma bai haɗu da na Paraku ba.

A 2023 aka rufe iyaka a gadar Gaya. Matafiya suka koma kwalekwale kamar kakanninsu. Kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya mai nisa. Kowa ya ji abin a aljihunsa. Ashe mai ƙofa guda, ranar da ta rufe, a waje yake kwana.

Ga tambaya ku tattauna tsakaninku. Cikin kayan da ke gidanku, waɗanne suka zo ta teku? In akwai tsohon direba a garinku, ku tambaye shi labarin bak na Gaya.

Sai wani jiƙon. Ku huta lafiya.