Mudun Awon Gandun Roba: Darasi Daga Tarihin Kamaru

A ƙarshen ƙarni na 19 Jamusawa suka ƙwace ƙasar Bakweri da ke gindin Dutsen Kamaru, suka kafa manyan gandaye. Ma'auninsu guda ne, wato yawan kayan da jirgin ruwa ya kwasa zuwa Turai. Wahalar leburorin da aka tilasta wa aiki ba ta shiga lissafi. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka yi gwanjon gandayen a Landan a 1924, Jamusawa suka sake sayen mafi yawansu. Da yaƙi na biyu ya ɓarke a 1939, Turawan Ingila suka karɓe su, sannan a 1947 aka damƙa su ga hukumar CDC, domin ta noma roba da ayaba da kwakwar manja don amfanin jama'ar yankin.

Daga nan awo ya yi wuya. Hukumar ta ɗauki nauyin asibitoci da makarantu da gidajen ma'aikata. Mai duba riba kaɗai zai kira wannan asara, alhali don shi aka kafa ta. Saboda haka masana suka fi dogara ga kilo nawa hekta ɗaya ta bayar, da kilo nawa mai tsaga itace ya tara a yini.

Sai dai wannan mudun ma yana ruɗi, domin itacen roba yakan shekara shida ko bakwai kafin a fara tsaga ɓawonsa, ya yi ta bayar da ruwa wajen shekara 25, sannan ya tsufa. Manajan da ya sare tsofaffin itatuwa ya dasa sababbi, alƙalumansa za su faɗi na tsawon shekaru. Wanda kuwa ya ƙi dashe, ya tsananta tsaga har ɓawo ya lalace, rahotonsa zai yi kyau, magajinsa ya gaji kufai.

Don haka duk wanda zai yanke wa gandun gwamnati hukunci, ko a sayar ko a riƙe, kamar yadda aka sayar da sashen shayi na CDC a 2002, wajibi ne ya fara tambayar shekarun itatuwan da yawan hektocin da aka sabunta. In ba haka ba, za a hukunta manajan da ya yi dashe, a yaba wa wanda ya cinye rabon dubban leburori da 'ya'yansu.